Sunan Da Ake Amsa Wa "Babu Shi": Yadda Ake Saita Intanet Ɗin Makaranta Da Masallaci

 

A watannin baya kwamitin wata makarantar Islamiyya a nan Karaga ya kira ni kan wata magana da ta tayar musu da hankali. Sun yi karo-karo, 'yan uwa mazauna ƙasashen waje sun taimaka, aka sayi kwamfutoci 'yan kaɗan, aka jawo intanet domin ɗalibai su riƙa bincike da sauraron karatun malamai. Aka ɗauko wani saurayi daga Tamale ya saita musu na'urori, ya kuma sa rariya wadda za ta tare shafukan caca da na batsa. Aka gwada a wayoyi, aka ga ta tare. Kowa ya kwantar da hankalinsa. Sai ga shi wata rana an iske yara a gaban kwamfuta ɗaya suna kallon shafin cacar ƙwallo, shafin da aka tabbatar an toshe. Kwamfutar kuwa wani ɗan garin nan ne ya aiko da ita daga Bronx a Amurka, tsohuwarsa ce da ya gama amfani da ita.

Da farko zargi ya faɗa kan yaran, daga baya ya koma kan saurayin da ya yi aikin. Da muka zauna da shi ya yi mini bayani dalla-dalla, na kuma koma na karanta abin da masu waɗannan manhajoji suka rubuta da kansu, sai na ga babu wanda ya ci amana a cikinsu. Layi ɗaya ne ba a rubuta ba a cikin saitin na'urar. Na ga ya dace in shimfiɗa maganar a nan, domin makarantu da masallatai da yawa daga Yendi zuwa Bawku sun fara jawo intanet, kuma abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba.

Mai gida a kasuwar Salaga

Kakanninmu fatake da suke zuwa Salaga daga Kano da Katsina neman goro ba su san gidan kowa ba a garin. Kowane ayari yana da mai gidan da yake sauka a wajensa. Baƙo ya ce masa "ina gidan wane dillali?", shi kuma ya kwatanta masa ko ya haɗa shi da yaro. Baƙo ya san suna, mai gida ya san wuri. In mai gida ya ce babu mai wannan suna a garin nan, to magana ta ƙare, sai dai in baƙon yana da wani da zai tambaya a ɓoye.

Haka intanet take. Kai kana rubuta suna, amma na'urori ba su san suna ba, lamba suka sani, kamar dai yadda adireshin GhanaPost GPS da aka fito da shi a 2017 yake ba kowane gida lambarsa. Duk lokacin da ka buɗe wani shafi, wayarka tana fara aika tambaya zuwa ga wata na'ura: wannan suna, mece ce lambarsa? Wannan tsari shi ake kira DNS, na'urar da take amsawa kuma ita ce uwar garken sunaye. A farkon al'amari, sunayen duka kwamfutocin da ke haɗe suna cikin takarda ɗaya ce da wata cibiyar bincike a Kaliforniya take riƙe da ita, kowa ya kwafa. Da suka yi yawa abin ya gagara, sai wani masani mai suna Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983. Mu nan Ghana mun samu cikakkiyar haɗuwa da intanet a 1995 ta hannun kamfanin Farfesa Nii Quaynor, kuma sunayenmu na ƙasa suna ƙarewa da .gh.

A makaranta ko masallaci, na'urar da ke raba intanet, wato rauta, ita ce take gaya wa kowace waya da ta shigo wane mai gida za ta riƙa tambaya. A nan rariya take. In ka sa mai gida wanda ya san gidajen caca kuma ba ya kwatanta su, ka tare hanya ba tare da ka taɓa wayar kowa ba. Akwai irin waɗannan masu gida kyauta. Kamfanin Cloudflare yana da 1.1.1.3 tun daga 2020, wadda take tare shafukan batsa da na cutar da na'ura. OpenDNS yana da 208.67.222.123 da 208.67.220.123. Amma 8.8.8.8 ta Google, wadda masu gyara suka fi sabawa da ita, ba ta tace irin waɗannan shafuka, duk abin da ka tambaya za ta nuna maka. Wanda yake son ya zaɓi abin da za a tare da hannunsa, kamar shafukan caca da ya san yaran garinsa suna shiga, sai ya ajiye tasa uwar garken a cikin gida, ya rubuta jerin sunayen.

To ina kwamfutar Bronx ta bi?

Ta tambayi wani mai gidan ne a ɓoye. Kuma kafin mu yi fushi da wanda ya koya mata haka, adalci ne mu ji dalilinsa.

Tambayar DNS ta asali a buɗe take tafiya, kamar wasiƙar da ba a liƙe bakinta ba. Na tuna lokacin da muke karatu a ƙasar Larabawa, wasiƙa takan yi makonni kafin ta iso gida, ta bi hannaye da yawa, shi ya sa ba ma rubuta sirri a cikinta. Haka kamfanin da ke ba ka intanet, da mai otal, da mai shagon da ka hau layinsa, duk suna iya ganin sunan kowane shafi da ka nema, suna ma iya musanya maka amsa su kai ka gidan ɓarayi. Don maganin wannan aka fito da hanyoyin liƙe bakin wasiƙar. Ɗaya ta fito a 2016, ana ce mata DoT, tana da ƙofarta ta daban mai lamba 853. Ɗayar ta fito a Oktoba 2018, ana ce mata DoH, ita kuwa ta ƙofa ta 443 take bi, ƙofar da kusan duk shafukan duniya suke bi, saboda haka da wuya ka bambanta ta da sauran masu wucewa.

Kamfanin Mozilla, masu manhajar shiga intanet ta Firefox, suka ƙudurta cewa manhajarsu za ta riƙa amfani da DoH da kanta, ta tsallake mai gidan wurin ta aika tambaya kai tsaye zuwa Cloudflare. Aka yi ce-ce-ku-ce sosai. A Yuli 2019 ƙungiyar kamfanonin intanet ta Ingila ta sa sunan Mozilla cikin waɗanda za a zaɓa "mugun intanet" na shekara, saboda a ganinsu wannan zai rushe rariyar da iyaye da makarantu suka dogara da ita, daga baya suka janye da surutu ya yi yawa. A Fabrairu 2020 Mozilla ta kunna tsarin ga masu amfani da Firefox a Amurka, a 2021 ta kunna a Kanada. Kwamfutar da aka aiko mana an saita ta ne a can, ta zo da halinta. Tana kan layin makaranta, amma ba ta tambayar rautar makaranta.

Tsuntsun kanari

Mozilla ba ta yi kunnen ƙashi da kukan makarantu ba. Ta keɓe wani suna guda domin wannan aiki kaɗai:

use-application-dns.net

Ba shafi ne da ake shiga a karanta wani abu ba. Alama ce. Suna kiransa sunan kanari, saboda a da masu haƙar kwal a Ingila suna shiga rami da tsuntsun kanari a keji, in iska ta gurɓace shi yake fara jin jiki, su kuma su fice. Idan Firefox ta hau wani layi, takan fara tambayar mai gidan wurin wannan suna. In ya ba ta lambarsa kamar kowane suna, sai ta ɗauka babu wata doka a gidan, ta ci gaba da tambayarta a ɓoye. In kuwa ya ce mata babu wannan suna, sai ta fahimci cewa mai gidan yana da tsarinsa, ta daina tsallake shi, ta koma tambayarsa. Wato toshe wannan suna ba hana kowa shiga wani wuri ba ne, sallama ce tsakanin mai gida da baƙo da yaren da dukansu suka yarda da shi.

Yana da kyau ɗalibai su san cewa keɓe sunaye ba baƙon abu ba ne a intanet. Tun 1999 aka ware .test da .example da .invalid da .localhost, aka ce ba za a taɓa sayar wa kowa su ba, na gwaji ne da misali. Daga baya aka ƙara .local domin na'urorin da ke neman juna a cikin gida ɗaya, irin su injin buga takarda, aka ƙara .onion a 2015, aka ƙara home.arpa a 2018 domin layin cikin gida, sannan a 2024 hukumar ICANN mai kula da sunayen intanet ta ware .internal domin ma'aikatu su riƙa raɗa wa na'urorinsu na ciki suna. Bambancin shi ne waɗancan hukumomin tsara intanet ne suka keɓe su ga duniya baki ɗaya, shi kuwa sunan kanari kamfani ɗaya ne ya yi rajistarsa, kuma manhajarsa ce take girmama shi. Wannan bambanci zai dawo mana a gaba.

Inda saurayin ya yi tuntuɓe

Da ya gano bakin zaren, sai ya ɗauki sunan kanari ya jefa cikin jerin shafukan da ya toshe, tare da na caca. Ya kunna kwamfutar, shafin caca ya buɗe kamar da. Ya ce mini: "Malam, wallahi na toshe shi, ga shi nan a jeri." Na ce: "Ɗana, da ka toshe, me na'urarka take cewa in an tambaye ta?" Ya duba, ya ce tana amsawa da 0.0.0.0.

Nan ne matsalar take, kuma wanda ya yi karatun nahawu zai riga kowa ganewa. Toshewa iri biyu ce. Akwai wadda mai gida zai ce "yana nan, ga gidansa," ya nuna maka kango. Yawancin rariyoyi haka suke yi, suna ba da lambar banza irin 0.0.0.0, wayarka ta je ta tarar ba kowa. Ga shafin caca wannan ya isa. Akwai kuma wadda zai kore samuwar sunan gaba ɗaya, kamar "la" ɗin da malaman nahawu suke ce wa mai kore jinsi, wadda ba ta barin ko ɗaya a baya. Wannan amsa ita ake kira NXDOMAIN, ma'anarta babu wannan suna. Firefox ba ta zuwa gidan ta ga ko kango ne. Abin da take dubawa kawai shi ne: an ba ni lamba ko ba a ba ni ba? 0.0.0.0 lamba ce, ko da ta banza ce. Saboda haka a wajenta kanari yana da rai, sai ta ci gaba da abinta. Amsar da take karɓa ita ce "babu shi", ko amsa fanko wadda babu lamba a cikinta.

Sau da yawa ina gaya wa ɗalibai cewa a babin saki da rantsuwa lafazi yana da nauyi, ba niyya kaɗai ba. Ashe na'ura ta fi alƙali tsanani a wannan, ita niyya ba ta gani sam.

Yadda ake rubuta layin

Wannan sashe na masu kula da na'urori ne, dattawa su yi mini haƙuri, amma su nuna wa yaran da ke yi musu aiki. Abin da za a rubuta ya danganta da manhajar da uwar garken take amfani da ita.

In dnsmasq ce, wadda take cikin rautocin da aka sa wa OpenWrt, sai a ƙara wannan layi a takardar saitinta, ba a sa wata lamba a ƙarshe:

server=/use-application-dns.net/

In Unbound ce:

local-zone: "use-application-dns.net." always_nxdomain

In rautar MikroTik ce, wadda masu sayar da intanet a unguwanni suka fi amfani da ita, matuƙar manhajarta ba tsohuwa ce sosai ba:

/ip dns static add name=use-application-dns.net type=NXDOMAIN

Wanda yake amfani da Pi-hole, manhajar da ake sa wa ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, shi an hutar da shi, domin sababbin fitowarta suna yin wannan da kansu. Ƙananan na'urorin da kamfanonin waya suke sayarwa, waɗanda ake sa wa sim a ajiye a kan tebur, galibinsu ba su da wurin rubuta irin wannan layi, sai an haɗa musu wata rauta ko ƙaramar kwamfuta a bayansu.

Bayan an rubuta sai a sake kunna uwar garken, a je kan wata kwamfuta da ke layin a buɗe wurin rubuta umarni a rubuta:

nslookup use-application-dns.net

In ta amsa cewa babu wannan suna, an dace. In ta kawo lamba, kowace iri ce, aiki bai yi ba. Sai a rufe Firefox a sake buɗe ta, a gwada shafin da aka toshe. Da saurayin ya yi haka, kwamfutar Bronx ta bi sahun 'yan uwanta a take.

Akwai kurakurai biyu da na ga ya kamata in ja kunne a kansu, domin na biyu mun faɗa cikinsa. Na farko, uwar garken sunaye ta amsa wa 'yan gida kaɗai. Wanda ya bar ƙofarta ta 53 a buɗe ga waje, ɓata-gari za su riƙa amfani da ita wajen kai wa wasu hari, datarsa kuma ta ƙare bai san dalili ba. Na biyu, rauta tana da gurbi biyu na uwar garke, na farko da na ko-ta-kwana. Saboda ɗaukewar wuta da muke fama da ita a Arewa, masu gyara sukan sa tasu a gurbin farko su sa 8.8.8.8 a na biyu, wai in ƙaramar kwamfutar ta mutu kada intanet ta tsaya. Niyya mai kyau ce, amma na'urori ba sa jiran ta farko ta mutu kafin su tambayi ta biyu, sukan tambayi wadda suka ga dama. Ka ga an yi rariya an huda gefenta. In dole sai an cika gurbi na biyu, a sa mai tacewa irin 1.1.1.3, sannan a saya wa rauta da ƙaramar kwamfutar batir.

Wani ƙarin abu ga mai raɗa wa na'urorin makaranta suna: kada ya ƙirƙiro ƙarshen suna daga kansa. Masu rubuta manhaja da yawa sun daɗe suna amfani da .dev a kwamfutocinsu suna zaton ba na kowa ba ne, har Google ta mallake shi, a ƙarshen 2017 kuma ayyukansu na cikin gida suka daina buɗewa a Chrome. A yi amfani da home.arpa ko .internal, a kuma saita uwar garken ta amsa su da kanta, kada ta fita da su waje tana tambayar duniya sunan injin buga takardar ofishin hedimasta.

Abin da wannan layi ba zai yi ba

Kada kwamiti ya ji an rubuta layi ɗaya ya koma barci. Firefox tana girmama kanari ne kawai idan ita ta kunna DoH da kanta. In mai kwamfutar ya shiga saiti da hannunsa ya zaɓi kariya mai tsanani, ba ta duba kanari kuma. Chrome ba ta san da wannan suna ba, tata hanyar daban ce: takan liƙe bakin wasiƙa ne in mai gidan da aka ba ta ya iya, ba ta sauya shi, sai in mutum ya zaɓi wani da kansa. Wayoyin Android tun daga fitowa ta 9 a 2018 suna da wurin da mutum zai rubuta nasa mai gidan, ta ƙofa ta 853, kuma wannan sai dai a rufe ƙofar a rauta. Kamfanin Apple yana da nasa tsarin ɓoye hanya ga masu biyan kuɗin iCloud, shi ma ya ba da sunaye biyu da za a amsa wa "babu shi", mask.icloud.com da mask-h2.icloud.com, sai wayar ta sanar da mai ita cewa wannan layi bai yarda da tsarin ba. Sannan ga Opera Mini da yaranmu suke so saboda tsimin data, wadda take ɗauko shafi ta na'urorin kamfaninta, ga kuma manhajojin VPN.

Kuma bayan duk wannan, yaro ya kashe Wi-Fi ya kunna datarsa ta MTN ko Telecel ko AT, ya fita daga hannunka gaba ɗaya. Kwamfutocin da makaranta ta mallaka su ne kake da cikakken iko a kansu, su sai a kulle saitinsu, ɗalibi ya shiga da asusun da ba zai iya sauya komai ba, a kuma juya fuskokinsu wajen da malami yake zaune. Wannan na ƙarshe bai ci ko sidi ɗaya ba, kuma a ganina ya fi sauran aiki.

Garkuwar da ka karɓe

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ba don layukan umarni kaɗai ba. Lokacin da ka amsa wa Firefox "babu shi", ka sa ta ajiye garkuwar da aka yi mata domin kare sirrin mai amfani da ita. Daga wannan lokaci kowane suna da ya nema ta hannunka zai bi. Saurayin ya nuna mini allon Pi-hole, sai na ga jeri: wannan waya, ƙarfe kaza, ta nemi wannan shafi. Ba a ganin abin da mutum ya karanta ko ya rubuta a ciki, amma sunan shafin kansa yana magana. Malamar da ta nemi shafin wata cuta da take ɓoyewa, magidancin da ya nemi shafin bashi, yarinyar da ta nemi bayanin abin da take jin kunyar tambayar uwarta, duk suna nan a gaban yaro ɗan shekara ashirin da wani abu, a gari kamar Karaga da kowa ya san wayar kowa.

Wani ɗan kwamiti ya yi murna da ganin haka, ya ce a riƙa buga jerin kowane mako a kawo musu. Na ƙi, kuma har yanzu ina kan bakana. Hakkin makaranta ne ta tsare yaran da aka damƙa mata, hadisin kiwo da ke cikin Bukhari da Muslim ya ɗora wa kowane shugaba alhakin abin da ke ƙarƙashinsa, aya ta 6 a Suratut Tahrim kuma ta ɗora wa magidanci tsare iyalinsa. Wannan shi ne hujjar rariya. Amma aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane, ta haɗa shi a wuri ɗaya da mugun zato da giba, kuma wanda ya san gari ya san haka suke tafiya, ɗaya na jan ɗaya. Rufe ƙofar caca kiwo ne. Zama a bayan ƙofa kana rubuta sunan duk wanda ya ƙwanƙwasa, wannan wani abu ne daban. Ga shi kuma jerin yana ƙarya: shafi ɗaya da ka buɗe yana iya janyo tallace-tallace daga wurare da dama, har da na caca, sunayensu su shiga ƙarƙashin wayarka kai ba ka sani ba. Da irin wannan shaida za a kunyata ɗan mutane a gaban jama'a? Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba, Dokar Kare Bayanai ta 2012, wato Act 843, ta ɗora sharuɗɗa a kan duk wanda yake tara bayanan mutane.

Kuma ba hukunci ɗaya ne ga ɗakin kwamfutar yara da layin masallaci da manya suke hawa ba. Yaro yana ƙarƙashin kulawarka. Baligin da ya zo sallar Magariba ya tsaya ya duba saƙo, baƙonka ne. Kana da ikon ka ce a gidana ba a shiga wuri kaza, domin kai kake biyan kuɗin layin, kuma dukiyar masallaci ba ta caca ba ce. Ba ka da ikon ka leƙa aljihunsa.

Abin da muka tsayar a makarantar shi ne wannan. Aka shiga saitin sirri na Pi-hole aka ɓoye sunayen na'urori, ta yadda za a ga adadin abin da aka tare ba tare da an san wa ya nema ba. Aka saita uwar garken makaranta ta riƙa aika tambayoyinta waje a liƙe ta hanyar DoT, domin tunda mun hana manhaja liƙe wasiƙa da kanta, wajibi ne mu liƙe mata daga ƙofarmu zuwa gaba, kada mu karɓe garkuwar mutum mu bar shi a fili. Kalmar sirrin shiga na'urar tana hannun mutum biyu, saurayin da wani dattijo a kwamiti. Sannan aka rubuta sanarwa da Hausa da Dagbanci da Turanci aka manna a bakin ƙofa: wannan layi ana tace shi, an toshe caca da batsa, ba a ajiye sunan wanda ya nemi wani shafi, wanda aka toshe masa shafi mai amfani bisa kuskure ya faɗa a buɗe.

Ba a yi mako biyu ba wata malama ta zo ta ce rariyar ta hana ta shiga wani shafin lafiyar mata masu ciki da take shirya darasi da shi. Saurayin yana Tamale, ta waya ya kwatanta wa dattijon inda zai danna, aka cire sunan daga jeri. An kuma rubuta a littafin kwamiti cewa a farkon kowane zangon karatu, da duk lokacin da aka sabunta rauta ko aka kawo sabuwar kwamfuta daga waje, wani zai zauna ya sake tambayar uwar garken sunan kanari, ya ga ko har yanzu tana cewa babu shi.